Rumbun ginannun manhajoji don lissafin kimiyya: Spack, conda, Apptainer, Guix ko EESSI?

A ɗakin binciken da ke da kwamfutoci biyar ko goma, a Akoka ne ko Idi-Araba ko Yaba a Legas, akwai aikin da ke cin lokaci ba tare da kowa ya sa shi a lissafi ba, wato ginin manhaja. Manhajojin lissafin kimiyya irin su GROMACS, WRF, OpenFOAM da Quantum ESPRESSO ba sa zuwa a shirye kamar manhajar waya. Rubutun asali ake saukewa, a ba kompaila ya mayar da shi abin da furosesa ke ganewa, kuma kowace tana tsaye ne a kan wasu manhajojin da yawa da ake kira laburare: MPI, mai haɗa na'urori da yawa a kan aiki ɗaya, HDF5, NetCDF, FFTW, OpenBLAS. Ginin kompailar GCC kaɗai kan ci awa guda ko fiye a tsohuwar sabar. In kowane ɗalibi zai gina wa kansa, dizal ɗin janareta da data za su ƙare a maimaita aiki ɗaya, sannan a wayi gari lissafin ɗalibai biyu ya saɓa saboda ba da sigar laburare ɗaya suka gina ba.

Maganin shi ne a gina sau ɗaya, a ajiye ginannen ƙunshin a rumbu, duk mai buƙata ya ɗauko ya warware cikin mintoci. Hanyoyi biyar ne suka fi yaɗuwa, kuma ba irin matsala ɗaya kowace ta zo warwarewa ba. Kafin a duba su, ga abin da ya kamata a auna su da shi.

Ma'aunin da za a bi

Na farko, dacewa da furosesan da kuke da shi. Wannan ne ya fi kayar da mutane a Legas, domin yawancin ƙananan ɗakunan bincike da sabar tokumbo suke aiki, an sayo ta a Computer Village ko an samu kyauta, kuma ba shekararsu ɗaya ba. Sabar Dell R720 tana ɗauke da furosesan Xeon E5-2600 na zubin farko ko na biyu, waɗanda ba su da AVX2, wato rukunin umarnin da ke hanzarta lissafi. R730 kuwa, mai zubi na uku ko na huɗu, tana da shi. A ido kusan ɗaya suke. Amma manhajar da aka gina don matakin `x86_64_v3`, mai buƙatar AVX2, za ta yi aiki a R730, ta faɗi nan take a R720 da saƙon `Illegal instruction`. Saboda haka kafin komai a buga `lscpu` a kowace na'ura, a duba ko akwai `avx2` da `avx512f`, a rubuta.

Haka kuma glibc, laburaren da kusan kowace manhajar Linux ke jingina da shi. Abin da aka gina a kan tsohon glibc yana aiki a sabo, amma akasin haka ba ya yiwuwa. Ubuntu 22.04 na da 2.35, Rocky Linux 9 na da 2.34, Rocky 8 na da 2.28, CentOS 7 da aka daina kula da shi a Yunin 2024 na da 2.17. Wanda ya gina a laftof mai Ubuntu ya kai Rocky 8 zai ga `GLIBC_2.34 not found`.

Na biyu, gudu. Wani aikin bai damu da yadda aka gina manhajar ba, wani kuma, kamar GROMACS, saurinsa ya rataya ne a kan an gina shi daidai da furosesa ko a'a.

Na uku, ikon babban mai gudanarwa, wato `root`, mai izinin sauya komai a na'ura. Kuna da shi a na'urorin, ko kuwa baƙi ne ku a gungun kwamfutocin wata cibiya?

Na huɗu, ranar da layin waje ya yanke. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni ƙwarai a Najeriya, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Ko ba irin wannan ba, lissafin yau da kullum ya isa: gigabayit 10 a layi mai megabit 20 a daƙiƙa zai ci kusan minti 67, alhali a netwok ɗin cikin gida mai gigabit 1 bai kai minti biyu ba.

Sauran ukun: kuɗi, amana, wato ta yaya kwamfutarku za ta tabbatar ba a sauya ƙunshin a hanya ba, sai ɗorewa, wato ko bayan shekara huɗu, lokacin da mai duba kundin digiri ya ce a maimaita lissafi, za a iya dawo da ainihin manhajar. A ƙarƙashin ɗorewa har da tambayar wa zai riƙe abin idan wanda ya kafa shi ya tafi ƙaro karatu waje.

Spack

Todd Gamblin ne ya fara shi a 2013 a ɗakin binciken Lawrence Livermore na Amurka, don manyan kwamfutocin lissafi. Kowane gini yana samun lambar shaida da aka ciro daga sigar manhaja, kompaila, zaɓuɓɓukan gini, irin furosesa da duk abin da ta dogara da shi. Shi ya sa GROMACS iri uku za su zauna a na'ura ɗaya ba tare da sun taka juna ba.

Kafa rumbu bai da tsawo. A na'urar gini ana ƙirƙirar makullin sa hannu da `spack gpg create`, a yi rajistar wurin ajiya da `spack mirror add`, a gina, a tura da `spack buildcache push`, sannan a sabunta jerin abubuwan da ke ciki da `spack buildcache update-index`. A sauran na'urori ana ƙara wannan wurin ajiyar, a karɓi makullin da `spack buildcache keys --install --trust`, shi ke nan `spack install` zai fara duba rumbu kafin ya yi gini. Rumbun kansa folda ce kawai. Tana iya zama a NFS, wato foldar da na'urori ke rabawa ta netwok, ko bayan sabar yanar gizo irin nginx, ko a ma'ajiyar gajimare irin ta S3 ta Amazon, kuma tun sigar 0.21 ta 2023 ana iya tura ƙunshi zuwa ma'ajiyar kwantena irin ta GitHub.

Abubuwa huɗu ne kan lalace.

Tsawon hanya. Spack kan rubuta cikakkiyar hanyar foldar da aka girka manhaja a cikin fayil ɗin da aka gina. Idan aka kai ƙunshin wata na'ura, sai ya goge tsohuwar hanya ya rubuta sabuwa a gurbinta, kuma sabuwar ba za ta iya fin tsohuwar tsawo ba. An gina a `/opt/spack`, ana so a girka a wata doguwar hanya a cikin foldar ɗalibi, sai girkin ya tsaya. Rigakafin shi ne a sa `padded_length: 128` a ƙarƙashin `install_tree` a na'urar gini tun kafin a gina ƙunshi na farko. Wanda ya manta sai ya sake gina komai.

Irin furosesa. In ba a ce masa komai ba, Spack zai gina ne daidai da furosesan na'urar da yake kai, kuma mutane sukan yi gini a na'urar da ta fi sabunta saboda ta fi sauri. Sakamakon shi ne rumbu cike da ƙunshin da tsofaffin na'urori ba za su ɗauka ba. A kafa matakin a `packages.yaml`: `x86_64_v2` in akwai R720 a cikin gungun, `x86_64_v3` in duka suna da AVX2. 'Yan manhajojin da gudu ya dame su a gina su daban don kowane irin furosesa.

Rashin dacewar lamba. Mutum ya buga `spack install`, yana jiran minti biyu, sai ya ga an fara gina CMake daga tushe. Dalili shi ne wani ƙaramin bambanci, ko na sigar Spack ko na wani zaɓi, ya sauya lambar shaida, ko kuma an manta sabunta jerin rumbun. Maganinsa a yi aiki da muhallin Spack, a raba wa kowa fayil ɗin `spack.lock` guda, a kuma girka da `--use-buildcache only` domin ya tsaya ya faɗi abin da ya rasa maimakon ya shiga gini a ɓoye. Wannan ne ma dalilin da rumbun jama'a na Spack, wanda aka buɗe a 2022, ba ya yawan rage wa ƙaramin ɗakin bincike aiki yadda aka zata: sai buƙatarku ta dace da abin da suka gina.

Sauyin siga. Spack 1.0 da ya fito a Yulin 2025 ya mayar da kompaila cikin jerin abubuwan dogaro, ya kuma sauya tsarin rumbu. A tsaya a kan siga ɗaya na tsawon zangon karatu ko shekara, kada kowa ya sabunta nasa shi kaɗai.

Ba ya buƙatar ikon babban mai gudanarwa, kyauta ne, kuma wajen gudu da MPI a na'urori da yawa babu wanda ya fi shi a cikin biyar ɗin. Tsadarsa tana wajen mutum. Sai an samu wanda zai zauna ya iya karanta saƙon kuskuren kompaila. A kuma tuna da `spack mirror create`, wanda ke tara rubutun asalin duk manhajojin a gida, domin rumbun ginannu kaɗai ba zai taimaka ba ranar da ake son sabon gini babu intanet.

Conda, ta hanyar conda-forge da Bioconda

A nan ba ku ne ke gini ba, conda-forge da Bioconda tashoshi ne, wato rumbunan jama'a da conda ke ɗauko ƙunshi daga ciki. Wasu sun riga sun gina dubban ƙunshi, ku saukewa kawai za ku yi. Ga masu nazarin ƙwayoyin halitta, BWA, SAMtools, SPAdes da IQ-TREE duk suna Bioconda, ga kuma Python da R da kayansu a conda-forge. An gina su a kan tsohon glibc da furosesa na gama-gari, don haka da wuya su ƙi aiki a kowace na'ura. Ɗalibi zai iya koyonsa a yini ɗaya, a foldarsa, ba tare da neman izinin kowa ba.

Rumbun gida ma mai sauƙi ne: a tara fayilolin `.conda` da ake amfani da su a foldoji biyu, `linux-64` da `noarch`, a gudanar da `conda index` a kansu, a nuna wa sauran na'urori hanyar. Kada a yi yunƙurin kwafo conda-forge gaba ɗaya, girmansa ya wuce abin da layin ɗakin bincike zai ɗauka. Abin da ake buƙata kawai za a tara. `conda list --explicit` yana fitar da ainihin adireshin kowane ƙunshi a muhalli, kuma wannan jerin, tare da fayilolin kansu, shi ne abin da za a adana don maimaita lissafi. Fayil ɗin `environment.yml` da ba a ɗaure sigogi a cikinsa ba zai ba da wani muhalli daban bayan wata shida.

Akwai batun lasisi da bai kamata a yi wasa da shi ba. Tashar `defaults` ta kamfanin Anaconda tana ƙarƙashin sharuɗɗan da ke neman biya daga ƙungiyoyi masu ma'aikata 200 ko fiye, kuma jami'a ko asibitin koyarwa sun wuce wannan adadi nesa. Ko akwai rangwamen da ya shafe ku, abu ne da sai an karanta sharuɗɗan na yanzu. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a girka Miniforge, wanda ke zuwa da conda-forge kaɗai.

Rauninsa uku ne. Ginin gama-gari ba ya matse duk ƙarfin furosesa, ko da yake OpenBLAS da makamantansa sukan zaɓi hanyar da ta dace da furosesa lokacin aiki. MPI ɗin da ke zuwa a ƙunshi ba lallai ya san netwok ɗin gungunku ba. Sannan muhalli ɗaya dubban ƙananan fayiloli ne, in aka ɗora shi a NFS ayyuka hamsin suka tashi tare, sai sabar ta durƙusa. Wajen amana kuwa, conda yana duba lambar SHA-256 da ke cikin jerin tashar, amma a yadda aka saba amfani da shi babu sa hannun da na'urarku ke tantancewa. Duk wanda ke iya rubutu a foldar rumbun zai iya sauya ƙunshi da jerin a tare, don haka mutum ɗaya ko biyu kawai za a ba wannan izini.

Apptainer

Sunansa na farko Singularity. Gregory Kurtzer ya fara shi a 2015 a ɗakin binciken Lawrence Berkeley, aka sauya sunan a 2021 da aikin ya koma ƙarƙashin Linux Foundation. Dabararsa daban ce: maimakon ƙunshi ɗaiɗai, ana naɗe manhaja da laburarenta da glibc ɗinta duka a fayil ɗaya mai ƙarshen `.sif`, abin da ake kira kwantena. Fayil ɗaya ana iya sa shi a filashi a ɗauka daga Ojo zuwa Akoka, a kwafa, ya yi aiki. A garin da wani lokaci shiga mota da faifai a jaka ya fi saukewa sauri, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Matsalar glibc ta kau, matsalar ƙananan fayiloli a NFS ma ta kau. `apptainer pull docker://` yana mayar da kwantenar Docker zuwa SIF, `apptainer sign` da `apptainer verify` suna kula da sa hannu, `--nv` yana buɗe wa kwantena katin NVIDIA na na'urar. Masu amfani da Nextflow, manhajar jera matakan nazari, za su iya nuna wa `NXF_APPTAINER_CACHEDIR` folda ɗaya ta kowa da kowa, yadda kowace kwantena sau ɗaya za a sauke ta. Girka Apptainer kansa yawanci aikin mai gudanarwa ne, amma gudanar da kwantena ba ya buƙatar wani iko na musamman.

Kwantena ba ta sauya furosesa. In abin da ke ciki an gina shi da AVX-512, zai faɗi a tsohuwar na'ura kamar yadda zai faɗi a waje. Aikin MPI da ya ratsa na'urori da yawa yana buƙatar MPI na cikin kwantena ya dace da na waje, kuma nan ne ake shan wahala. Wurin ajiya ma yana tafiya da sauri, domin kwantena ashirin za su ɗauki Python ashirin, kuma in aka gano ɓaraka a laburare ɗaya sai an sake gina duka. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a adana fayil ɗin bayanin gini kawai a jefar da SIF. Bayanin da ke cewa `apt install` zai kawo wasu sigogi daban a shekara mai zuwa. SIF ɗin ne abin adanawa.

Guix da Nix

Nix ya fito ne daga aikin Eelco Dolstra a Jami'ar Utrecht tun 2003, Guix kuma Ludovic Courtès ya fara shi a 2012 a kan irin wannan tunani. Komai yana zaune a `/nix/store` ko `/gnu/store`, kowane ƙunshi da lambarsa, har glibc da kompaila nasu ne, ba sa taɓa na tsarin na'ura. Tunda hanyar ɗaya ce a ko'ina, babu batun gyara hanya irin na Spack.

Rumbunsu ya fi na kowa tsabta. A Guix, `guix archive --generate-key` yana yin makulli, `guix publish` yana mayar da na'ura rumbu nan take a tashar 8080, sauran na'urori su karɓi makullin da `guix archive --authorize`. Ƙunshin da ba shi da sa hannun makullin da aka amince da shi ba ya shiga. A Nix ana yin haka da `nix copy` da saitin `substituters` da `trusted-public-keys`. Wajen ɗorewa babu kamarsu: da ɗan fayil ɗin `channels.scm` da umarnin `guix time-machine` ana dawo da ainihin muhallin shekarun baya, `guix challenge` kuma yana gwada ginin rumbuna daban-daban ya nuna inda suka saɓa.

Sai dai foldar `/nix/store` ko `/gnu/store` tana tushen faifai, kuma a girkin da aka saba akwai manhajar da ke gudana a bayan fage da ikon mai gudanarwa. Baƙo a gungun wasu ba zai iya kafa su yadda ya kamata ba, iyaka ya yi ƙunshi da `guix pack -RR` a nasa wurin ya kai can. Babbar tashar Guix ba ta ɗaukar manhajar da ba 'yantacciya ba, don haka CUDA na NVIDIA da MKL na Intel sai an nemo su a wasu tashoshi. Rubuta sabon ƙunshi yana buƙatar harshen Scheme a Guix, ko harshen Nix, kuma masu iya su ba su da yawa. In mutum ɗaya ne ya iya a sashenku, ranar da ya tafi abin ya zama kayan kallo.

EESSI a kan CernVM-FS

Wannan haɗin gwiwar cibiyoyin lissafi na Turai ne da ya fara a 2020. Sun gina manhajojin kimiyya da EasyBuild, kowace an gina ta daban don furosesan Intel, AMD da Arm iri-iri, suka ɗora a CernVM-FS, tsarin fayilolin da cibiyar CERN ta ƙirƙira. A na'urarku sai ku ga folda `/cvmfs/software.eessi.io` kamar tana gida. Fayil ba ya saukowa sai an buɗe shi, rubutun farawa kuma yana gano irin furosesanku ya zaɓi ginin da ya dace. Daga nan `module load GROMACS` kawai. Gudu mai kyau ba tare da an gina komai ba, kuma kundin fayilolin yana da sa hannu.

Abin dubawa a Legas shi ne nisa. Buɗewar farko ta kowace manhaja tana jan ɗaruruwan fayiloli daga sabar da ke wata nahiya. Dole a kafa Squid, sabar da ke riƙe kwafin abin da aka sauke, a cikin gida domin abin da na'ura ɗaya ta sauke ya wadatar da sauran, a kuma ɗaga `CVMFS_QUOTA_LIMIT`, wanda ke zuwa a kan megabayit 4000, zuwa dubu 30 ko 50 in faifai ya isa, in ba haka ba ma'ajiyar na'ura za ta riƙa zubar da abin da ta sauke. Ranar da layi ya yanke, abin da aka taɓa buɗewa zai iya ci gaba da aiki, wanda ba a taɓa ba kuwa babu shi. Cikakken kwafi a gida yana yiwuwa, amma yana son babban faifai da layi mai ƙarfi. Yana kuma buƙatar mai gudanarwa ya girka CernVM-FS, sannan abin da suka gina ne kawai za ku samu a shirye.

| | Spack | conda | Apptainer | Guix/Nix | EESSI |
|---|---|---|---|---|---|
| Wa ke gini | ku | wasu | ku ko wasu | wasu, da ku | wasu |
| Gudu | mafi kyau | matsakaici | ya danganta da abin ciki | mai kyau in an daidaita | mai kyau ƙwarai |
| Ikon mai gudanarwa | ba a buƙata | ba a buƙata | wajen girki | ana buƙata | ana buƙata |
| Babu intanet | yana aiki | yana aiki in an tara | yana aiki | yana aiki in an tara | abin da aka taɓa buɗewa |
| Sa hannu | GPG | babu a al'ada | akwai, in an yi | dole | akwai |
| Maimaitawa bayan shekaru | mai kyau da `spack.lock` | sai an adana fayiloli | mai kyau in an adana SIF | mafi kyau | mai kyau |
| Wahalar koyo | babba | ƙarama | ƙarama | mafi girma | ƙarama ga mai amfani |

Ina za a ajiye rumbun

Duka biyar kyauta ne, kuɗin yana wajen ajiya da wuta. A farashin S3 na gabashin Amurka, gigabayit ɗaya dala 0.023 ne a wata, fitar da shi kuma dala 0.09 bayan gigabayit 100 na farko da ba a caji. Rumbu mai gigabayit 200 zai ci dala 4.6 a wata, in na'urori 20 suka sauke gigabayit 10 kowace, a ƙara dala 9. Cloudflare R2 yana karɓar dala 0.015 kan kowane gigabayit a wata ba tare da kuɗin fitarwa ba. Kuɗin ba shi da yawa, amma da dala ake biya, biya da katin naira ya sha tsayawa, kuma duk saukewa sai ta bi ta teku. Araha ba ta ado.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce babban kwafi ya zauna a cikin gininku: na'ura ɗaya, faifai biyu masu kwafin juna, nginx ko NFS, a bayan UPS ko inbata mai iya riƙe ta har janareta ya tashi. In wuta ta yanke ana cikin turawa, a sake tura ƙunshin a sabunta jerin. Faifai biyu masu kwafin juna ba sa kare ku daga wanda ya goge folda bisa kuskure, don haka a riƙa yin kwafi na uku a faifan waje ko a gajimare. Makullin sirri na sa hannu kada ya zauna a sabar rumbu. Na'urar gini kaɗai, da kwafi a filashi a cikin durowa mai kulle. Cibiyoyi biyu ko uku da ke son rumbu ɗaya za su iya ajiye sabar a ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na Ikeja ko Lekki masu haɗi da IXPN, mahaɗar layukan intanet ta Najeriya, yadda zirga-zirgar za ta tsaya a cikin Legas.

Wanne ya dace da wa

Ɗakin binciken ƙwayoyin halitta ko cututtuka, mai sabar ɗaya ko biyu, aiki da Nextflow ko Snakemake: Miniforge da Bioconda don aikin yau da kullum, sannan duk muhallin da aka fitar da sakamakon takarda da shi a naɗe shi a SIF a adana tare da bayanan. Spack a nan wahala ce da ba ta da riba.

Gungun na'urori huɗu zuwa sama masu gudanar da WRF, OpenFOAM ko Quantum ESPRESSO da MPI, kuma akwai ma'aikaci na dindindin: Spack, da rumbu a NFS, da `padded_length` tun ranar farko, da matakin furosesa na na'urar da ta fi tsufa.

Irin wannan gungun amma babu mai lokacin gini, layin intanet kuma mai kyau ne: a fara duba jerin manhajojin EESSI. In abin da kuke buƙata yana ciki, a kafa shi da Squid, a buɗe kowace manhaja sau ɗaya tun ana da layi.

Ɗalibin digiri na uku da aka ba shi gurbi a gungun wata jami'a a waje, ba shi da iko a can: ya gina SIF a gida ya tura, bayan ya tambayi irin furosesa da sigar MPI ɗinsu.

Ajin horo na kwana uku da laftof talatin iri-iri a ɗaki ɗaya: tashar conda a laftof ɗin malami da ƙaramar rauta, ko SIF a filashi biyar ga masu Linux. Kada a dogara da intanet ɗin zauren taro.

Rukunin da ke rubuta manhajarsa da kansa, wanda maimaita sakamako daidai da daidai shi ne ginshiƙin aikinsa, kuma na'urorin nasa ne: Guix, da sharaɗin mutum biyu aƙalla su koye shi, a kuma ajiye `channels.scm` a cikin Git tare da rubutun kowane lissafi.